Motar da Za a Ƙona wa Teik Lye

Muna zaune a rumfar makoki muna ɓarar gyaɗa sai ga ƙarti sun shigo layinmu ɗauke da mota a kafaɗa. Ta takarda ce da tsinken gora, irin wadda muke ƙona wa mamaci don ya samu abin hawa a can. Amma tun da nake a Penang ban taɓa ganin irinta ba: ruwan ɗorawa, ƙofofi a ɗage kamar kaza za ta tashi.

Boon Keat, ɗan marigayin, yana biye da su, idonsa jawur.

"Goggo, kin gani? Ta bana ce. Ta gasken ma ba ta iso ƙasar nan ba tukuna."

Ubansa, Teik Lye, katanga ce kawai tsakaninmu. A da, duk motar tseren da ta fito sai mun ji rurinta a ƙofar gidansa. Daga baya ya daina saye. Dillalai su kira, ya ce yana wanka. Ya zauna da tsofaffin motocinsa biyu, Marsandi ta zuwa kasuwa da wata jar Ferrari mai ƙaurin mai.

Na taɓa leƙa shi ta katanga. "Tsoho, ko dai karaya ce?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Sababbin nan duk talabijin ne mai taya. Wannan kuwa, ko tari ta yi na san abin da ke damunta."

Da ciwo ya ci ƙafafunsa, mai jinya ke tura shi gareji a keken marasa lafiya, ya zauna yana shafa jar da tsumma. Ina kai masa kunun shinkafa, ya kurɓa kaɗan ya ture.

"Boon Keat ya ce ran Lahadi zai zo ya zaga da ni bakin teku a cikinta."

"Wace Lahadin? Ta bara?"

"Fita min daga gida, mayya," ya ce, yana dariya har da tari.

Yaron yana zuwa, ban ce ba ya zuwa ba. Ya kawo lemo, ya nuna wa uban hotunan sababbin motoci a waya, ya ce sauri yake. Jar ba ta fita ba har Teik Lye ya cika.

To da na ci gyaɗata na yi shiru. Amma bakina bai taɓa neman shawarata ba.

"Ɗan nan, wa ya ce maka yana son wannan? Jar can yake so, kai a gaba kana tuƙi. Kullum sai ya sa an taje masa kai yana jiranka."

Masu buga karta a gefen rumfa suka kife kartarsu. Boon Keat ya dube ni, ya dubi motar takardar, ya wuce cikin gida.

Na ajiye gyaɗar. Na bi shi, na same shi a gareji cikin jar, mukulli a hannu.

"Yi haƙuri, ɗan nan. Tsufa ne."

"Goggo, shigo ki rufe ƙofa."

Da ƙyar na lanƙwasa gwiwoyina na shiga.

"Ban iya ba," ya ce.

"Me?"

"Mai giyar hannu. Ban taɓa iyawa ba. Ya gwada koya min ina yaro, na kashe masa ita a tsakiyar titi, na ƙi sake hawa. Da na girma na ce masa na koya a Singapore. Kullum cewa nake sai na je an koya min a ɓoye, sannan in zo in ɗauke shi."



Ya murza mukullin. Motar ta yi tari, ta kama, garejin ya ɗauki rawa. A waje masu addu'a sun fara kaɗa ƙararrawa. Ya ɗora hannu a kan giyar, inda tafin uban ya cinye fentin, bai motsa ta ba. Muka zauna a haka, hancin motar na kallon ƙofa.