Yakuwar Inna Furera

Ranar da Inna Furera ta tarar da tutoci a gonarta, sai da ta saki hannun keken jikarta jaririya. Ƙananan tutoci ne jajaye, an soka su daga gindin yakuwa har layin kuɓewa. A tsakiyarsu wata baƙar Ba'amurkiya ce tsugune da malafa a ka, tana juya ganye tana leƙa bayansa kamar mai duba kwarkwata.

Gona dai a bakin Inna ne take gona. Wani ɗan lungu ne a ƙarshen lambun gwamnati na unguwarsu a Laurel ta Amurka, bayan lilon yara, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Da ta fara ganinsa, wani tsiro ne ya cinye shi, mai faffaɗan ganye, in an karya ya zubo da farin nono. Tana gani ta ce ƙanwar tumfafiya ce. A garinsu Garko kuwa, tumfafiya a gona abin kunyar mai gona ne. Sai ta riƙa zuwa da tsohuwar wuƙar kicin tana tumɓuke shi, ta shuka irin da ta ƙullo a haɓar zane tun daga gida.

Ɗanta Misbahu, injiniya, shi ya kawo ta lokacin da matarsa Sadiyya ta haifi Haidar. Wata shida aka ce za ta yi. Yanzu Haidar yana makaranta, ƙanwarsa Afnan ce a keken. Masu gida su fita tun asuba, su dawo a gajiye. Haidar yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Akwai ranar da Inna ba ta jin muryar kowa sai ta firji. Lungun nan shi ne inda take tuna cewa hannunta ya iya wani abu bayan wankin kashi.

"Mma, kada ki gudu, gudu ne zai sa a ce ɓarauniya ce!"

Memunatu ce, 'yar Kumasi, mai turo wani tsohon Bature, Gregory, a keken guragu shan iska kullum da hantsi. Ita kaɗai ce ƙawar Inna a ƙasar nan. Ta jingine keken tsohon a inuwa, ta je suka yi ta Turanci da matar, sannan ta dawo tana tafa hannu.

"Sunanta Olive, daga hukumar lambuna. Mma, kin yi ɓarna ba ki sani ba. Wannan tumfafiyar taki, a kanta kaɗai wani irin malam-buɗe-littafi yake ƙwai. Wai sun kusa ƙarewa, shi ne za a gyara musu wurin nan."

"Malam-buɗe-littafi? Wanda yara ke bi da tsintsiya?"

"Shi fa. A nan yana da ofis, yana da ma'aikata. Ni da ke ne ba mu da."

Inna ba ta yi dariya ba.

"To yakuwata fa?"

Memunatu ta sake tambaya. Olive ta miƙe, ta cire malafa, ta yi bayani a hankali tana duban Inna a ido. Ta ce kafin a taɓa ƙasa, doka ta sa sai sun duba abin da aikin zai shafa, tsiro ko ruwa ko mutum. Duk abin da ba ɗan asalin ƙasar nan ba ne za a cire. Amma aikin ƙarami ne. Ranar Asabar za a yi zama da mutanen unguwa a rumfar lambun, in mai shukar ta zo ta faɗa da bakinta cewa tana amfani da wurin, ana iya bar mata gefe ɗaya.

"Zuwa kawai?" in ji Inna.

"Zuwa kawai, Mma. Ni zan zama bakinki."

* * *

Ta jira Misbahu ya idar da magariba ya ci abinci. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Injiniya, ina da magana."

Ta faɗa masa duka, tun daga wuƙar kicin. Tana magana fuskarsa tana sauyawa, har ya ajiye waya.

"Inna, hukuma? Kin tsaya kin yi magana da ma'aikaciyar hukuma?"

"Mutuniyar kirki ce."

"Bizarki ta mutu tun Haidar bai fara tafiya ba! In suka tambayi sunanki fa? In suka biyo ki gidan nan? Ni aikina da gwamnati yake da alaƙa, Inna. A kan ganye?"

"Ba wanda ya tambayi sunana."

"Ranar Asabar za su tambaya."

Sadiyya ta fito daga kicin da rigar aikinta ta asibiti ba ta ko cire ba. "Inna, in yakuwa ce ai akwai busasshiya a shagon 'yan Afirka. Gobe zan cika miki jaka. Kuma fisabilillahi, da Afnan kike shiga ciyawar nan? Akwai kaska fa."

Inna ta dube su. Ba mugaye ba ne, ta sani. Magani ba ya yanke mata, atamfa har ta rasa inda za ta sa. To yaya za ta gaya musu cewa ba miyar take so ba? Ta ji maganar ta taso mata daga ciki, wadda ta daɗe tana dannewa.

"To ku mayar da ni gida."

Misbahu ya ture kwanon abincinsa gefe.

"In kin fita ba za su sake barinki ki shigo ba," Misbahu ya faɗa a hankali. "Wa zai riƙe mana yaran? Ki bari Afnan ta shiga makaranta."

"Haka ka ce a kan Haidar."

Sai Inna ta zame daga kujera, gwiwoyinta suka taɓa kafet. Ita da ta goya shi.

"Don Allah, don Annabi. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar ni in je in tsaya, ko ban ce uffan ba."

"Subhanallahi! Inna, tashi, kada ki ja mini!" Ya kama kafaɗunta ya ɗaga ta, idonsa ya kawo ruwa. Ta ɗauka ya sauko. Ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya ce, "Ki yi haƙuri. Don kare ki nake yi."

Washegari wani mutum ya zo da akwatin kayan aiki. Ya sa wa ƙofar gaba da ta baya sabon kwaɗo, irin wanda ko daga ciki sai da makulli.

* * *

Asabar ta zo ta wuce. Misbahu ya wuni a falo. Inna ta yi wanka tun safe, ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna a bakin gado har la'asar, sannan ta kwance shi ta ninke.

Ranar Litinin ta gwada tagar kicin. Ta buɗu, amma ƙasa da nisa, ga Afnan a baya. Ta ɗauki wayar gida, ta tuna ba ta san lambar kowa ba. Haka kwanaki suka yi ta tafiya, tana kai kawo daga ƙofa zuwa ƙofa, tana lissafa a ranta cewa yau kuɓewa ta isa tsinka, yau ta fara tsufa.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa.

"Mma! Mma, kina ciki?"

Inna ta ruga ta kama mariƙin ƙofa ta jijjiga, kamar ba ta san a kulle take ba.

"Memunatu! Sun kulle."

"Na sani. Na zo ran Asabar, ɗanki ya ce ba ki da lafiya." Muryar ta yi ƙasa. "Olive ta jira ki, Mma. Har aka tashi tana waiwaye. Ni na yi magana, suka ce sai mai shukar. Yau aka share wurin, an dasa tumfafiyarsu."

Inna ta jingina goshi da ƙofar.

"Olive ta hana a zuba yakuwarki a motar shara, ta ce in kawo miki. Amma ta ina? Ga tsoho na bari a rana."

Sai ɗan murfin ƙarfen da ake jefo wasiƙa ya ɗaga. Reshen yakuwa ya leƙo, ja, ganyensa ya fara yaushi. Ya maƙale, aka tura, ya faɗo a kafet. Wani ya biyo baya.

Inna ta zauna dirshan a ƙasa, ta buɗe zanenta a ƙarƙashin kafar wasiƙar tana tarewa. Masu kauri ba sa wucewa, tana jin Memunatu a waje tana karya su biyu. Na ƙarshe ya shigo da saiwarsa, da 'yar ƙasa a jiki. Ta kakkaɓe ƙasar a tafin hannu, ta dunƙule. Afnan ta farka tana kuka a sama, Inna ta yunƙura za ta tashi, ta duba falon kaf, ta rasa inda za ta ajiye ƙasar da ke hannunta.