Katin Ƙwayar Bara'atu

Ni mutum ne mai zargi, ba sai an faɗa mini ba. Sana'ata kai shanu Legas daga Anka, in na hau tirela sai in yi kwana goma ban ga gida ba.

Da anka yi wa matata Bara'atu aiki anka ciro ɗiyarmu, likita ya zaunar da ni. Ya ce in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu, ba ya da tabbas za ta tashi. Ni da bakina na yarda anka ɗora ta kan ƙwayar hana ɗaukar ciki.

Wata rana na dawo daga tafiya, ina neman reza cikin kwanonin jerenta, sai ga katin ƙwayar. Biyu na bari a ɓalle, na iske goma sha biyu. Nan take kaina ya ɗau zafi.

Na ce, "Ina Legas, don wa kike shan wannan?"

Ta ce, "Malamar asibiti cewa ta yi kullum, ko kana nan ko ba ka nan."

"Maganin ciki ba miji a gida? Ni za ki maida sakarai?"

Ta yi rantsuwa har ta gaji. Daga ranar, in zan tafi sai in jefa katin a aljihu, in na dawo in miƙa mata. Wai ni mai dabara.

Ba a jima ba ta fara ganin ɗigon jini, ɗan kaɗan, launin ƙasa-ƙasa, kuma ba lokacin al'adarta ba. Ta rasa ko ta yi salla ko ta bari. Inna, mahaifiyata, ta lura, ta ja ni gefe.

Ta ce, "Mainasara, jinin da bai san lokaci ba, ko ɓari ne, ko ciwon da anka kwaso waje."

Shi ke nan Inna ta gama da ni. Na koma dawowa ba sanarwa, ina duba sawun takalmi a zaure. Ko mai sai da kananzir ya yi sallama sai na ƙare masa kallo. Ƙarshe na ɗauki Bara'atu a mashin har Gummi, inda ba wanda ya san mu, don a faɗa mini gaskiya.

Malamar asibitin ta juya katin, ta tambayi yadda ake shan shi. Ni na yi bayani, har da ɗan alfahari.

Malamar ta ce, "Ba ciwo ba ne, ba ɓari ba ne. Tsallake kwanaki ke kawo jinin. Ƙwayar nan in anka yi mata giɓi ba ta tsare komai."

Wallahi daɗi na ji, har na yi murmushi. Sai malamar ta tambayi Bara'atu yaushe rabonta da al'ada sosai.

"Sati bakwai."

Anka auna fitsari. Ciki ne. Ɗiyarmu watanta bakwai a duniya.

Maganar likita ta faɗo mini, tsoro ya rufe ni. Bara'atu ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta, ta ɗaure majanyi, sannan ta dube ni.

"Wannan dai naka ne, ko shi ma sai ka bincika?"