Zaɓe a Ɗakin Iya Yalwa

"Ba za mu iya ba, Iya," in ji Rukayya, tana durƙushe a bakin gado da kofin kunu a hannu. "Kina da ranki mu zaɓi wata? Ai sai a ce fata muke miki."

Iya Yalwa ta kau da kai daga kunun. Wata biyu ke nan ciwo ya kwantar da ita, ya zuge ta, amma bai taɓa bakinta ba.

Shekara goma sha bakwai tana jan ƙungiyar mata masu man gyaɗa a Madachi. Ita ce shugaba, ita ke kiran taro, ita ke raba faɗa, wani lokacin ma ita ke tayar da shi. Yanzu wata cibiya daga Kano ta ce za ta ba su injin matsar mai, ta koya musu gyaransa, amma da sharaɗi: sai ƙungiya mai zaɓaɓɓun shugabanni, wadda ba ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Jami'ar cibiyar za ta zo ranar Alhamis. In ba a yi zaɓe ba, inji ya wuce wani gari.

"'Yar nan, kunyarku za ta ja mana asarar inji," in ji Iya. "Je ki kira min su. Kowacce ta zo da ƙwayar gyaɗa ɗaya."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Rukayya da na Iya, ta san musu da ita ɓata yawu ne. Ta tafi.

Da la'asar mata suka cika ɗakin har tsakar gida. Da ƙyar aka tsayar da mutum biyu, Rukayya da Hajiya Sadiya, aka ajiye ƙwarya biyu aka rufe da zane. Sai kowa ta sunkuyar da kai, aka rasa mai farawa.

"Ku ɗaga ni," in ji Iya. Ta zura hannu ƙarƙashin zanen, ta saki gyaɗarta. "To, na fara. In fata ce, ni na yi wa kaina."

Aka yi dariya, wasu na share ido, aka bi layi. Da aka ƙirga, Rukayya ashirin da uku, Hajiya Sadiya sha huɗu, ta zama mataimakiya. Iya ta jawo Rukayya kusa.

"Tawa Sadiya na ba, don kada kanki ya kumbura."

Ranar Laraba da hantsi Iya ta cika, kafin azahar an kai ta.

Washegari jami'ar, Malama Ikram, ta iso ta tarar da zaman makoki. Ta yi ta'aziyya, ta mayar da takardunta jaka.

"Ba ranar wannan magana ba ce," ta ce. "Zan roƙi ofis su jira ku, amma ban yi alkawari ba."

Duk ido ya koma kan Rukayya. Ita kuwa ƙofar ɗakin Iya ta kalla, yadda ta saba in magana ta yi nauyi. Sai ta juyo wurin jami'ar.

"Fito da su, Malama. Mun yi zaɓe tun shekaranjiya."

Wata dattijuwa ta fara gunaguni, wai a gidan rasuwa, ko uku ba a yi ba.

"Shugaba ta yi magana," in ji Hajiya Sadiya, ta matso da tabarma.

Rukayya ta ji alfahari da matan nan ya cika mata ƙirji. Ɗaya bayan ɗaya suka zo, kowacce ta faɗi sunanta, ta dangwala yatsa a takarda. Mai gunagunin ma ta dangwala, har da tambayar ko nata ya fito sosai.

Da aka gama, aka ce a yi wa Iya addu'a. Hannuwa suka tashi a tsakar gidan, kowane babban yatsa da shuɗin tawada.