Gardama a Motar Kumbotso

Sallau manomin tumatir ne a wani ƙauye kusa da Kadawa, kuma kowa a garin ya san ba ya ƙaunar kansilan mazaɓarsu, Alhaji Tambaya. Wata Asabar ya ɗauki mahaifiyarsa Iyatu da matarsa Safara'u za su Kumbotso sunan ɗan ƙanwarsa. Suka tari bas a bakin titi. Matan suka zauna a baya, shi ya samu wuri a gabansu kusa da wani mutum mai farar shadda wanda bai taɓa gani ba.

Ba su yi nisa ba motar ta haye gadar wani kanal na ban ruwan noman rani. Ruwa na gudu tas, babu ciyawa. Mutumin ya leƙa ta taga ya ce wa direba, "Ka ga aikin jam'iyyarmu. Kansila Tambaya ne ya sa aka yashe wannan."

Sallau ya juyo. "Malam, wa ya gaya maka?"

"A rediyo na ji. Sunana Abdulsamad, ina sayar da maganin feshi a Kano, duk yankin nan na san shi."

"To ni a cikin ruwan na tsaya. Mu arba'in ne, 'yan ƙungiyar manoma, kwana tara muna sarar ciyawar kacala da lauje. Kansilanku ya zo rana ta ƙarshe, aka ɗauki hotonsa riƙe da shebur, ya tafi."

"Ku 'yan adawa haka kuke. Ko me aka yi muku sai kun kushe."

Daga nan murya ta fara tashi. Safara'u ta taɓa kafaɗar mijinta ta ce a hankali, "Malam, a mota muke fa." Bai ko waiwayo ba. Har suka wuce Kura ana abu ɗaya. Sallau ya buga hannu a gwiwa ya ce, "Duk wanda ya zaɓi Tambaya, wallahi bai san ciwon kansa ba!"

Sai Iyatu ta gyara mayafi ta ce, "Ni na zaɓe shi."

Sallau ya juya gaba ɗaya. "Inna, ke? Ni fa na kai ki rumfar zaɓe a babur."

"Ka kai ni, ka tsaya a waje. Shi ya gina mana famfo a bakin masallaci. Shekara talatin ina ɗebo ruwan kanal muna sha, kai ba ka taɓa ɗaukar tulu ba."

Abdulsamad ya washe baki. "Allah ya ƙara lafiya, Hajiya! Ku gaya masa."

"Kai ma ka saurara, ɗan nan," in ji ta. "Famfon ya lalace tun damina biyu da suka wuce. Sau uku muka je gidansa, mu mata goma sha ɗaya, ana cewa ya fita. In kana ganinsa ka faɗa masa Iyatu ta ce wannan karon ba shi da ƙuri'arta. Kanal kuwa ɗana ne ya yashe, ni na gasa masa ƙafa da ruwan zafi."

Wata mata a gefe ta yi dariya, direba ma ya yi. Abdulsamad ya ce zai isar da saƙo in sun haɗu, sannan ya ciro waya ya duƙufa a kanta har ya sauka.

Da suka isa mahaɗar Kumbotso, Sallau ya taimaka wa Iyatu ta sauko, ta yi gaba abinta. Ya rage tafiya har Safara'u ta iso shi.

"Ke fa, wa kika zaɓa?"

Ta miƙa masa ƙullin kayan barka. "Riƙe min wannan, Malam. Mun makara, an kusa sauke abinci."