Baƙar Laka a Wuyan Lauya

Tun shekararsa ta farko a Uganda Nazir ya fara samun ƙasa a wuyan rigarsa. Ba ta wuce abin da yatsu biyu za su tsinta ba, amma duk ranar da ya tuɓe riga sai ya tarar da ita maƙale a ninkin wuya. Ƙasar garin da yake karatun shari'a ja ce wur, har takalmi take rinawa. Wadda yake kakkaɓewa kuwa baƙa ce, mai danƙo, tana ƙanshin fadama. Ya san ta sarai. Ƙasar Dakko ce, ƙauyensu da ke yankin Bakura.

Bai gaya wa kowa ba. A shekara ta uku aka buga masa waya cewa mahaifinsa, Malam Isa, ya rasu, har an kai shi makwancinsa. Daga ranar ƙasar ta koma ɗanya, kamar yanzu aka haƙo ta.

Ya kammala digiri, ya dawo gida ya yi makarantar horas da lauyoyi, aka rantsar da shi a Abuja. Ranar da ya fara ɗaura farin ƙyallen wuyan nan na lauyoyi sai ya ji ya yi masa nauyin da bai kamaci ƙyalle ba. Ya kama ɗan ofis a Talata Mafara, ya yi wata biyu yana kallon ƙofa, kafin wanda zai fara ba shi aiki ya shigo.

Alhaji Tasi'u ne, dillalin shanu, wanda ya sayi gonar Malam Isa ta fadama shekara shida da suka wuce. Da kuɗin gonar nan aka kai Nazir waje.

Bayan doguwar gaisuwa Alhaji ya ce, “Barista, yau ga ranar boko ta zo. Tsohuwar nan Turai, maƙwabciyar gonarku, ita ta kai ni ƙara. Wai an ci mata taki bakwai. Ita da ko ƙofar ɗakinta ba ta gani, ta ga taki bakwai!” Ya yi dariya, ya ajiye takardar ciniki a kan tebur. “Ga sa hannun tsohonka nan. In ka kare ni, shi ka kare.”

Nazir ya duba takardar. Babu inda ta gurgunce. Mai ƙara ba ta da takarda, shaidarta ɗaya ƙanenta ne na Dosara ta ƙasar Maradun, shi ma ya rasu bara. A ilimin da ya kwaso, wannan shari'a an gama ta tun ba a fara ba. Ya karɓi aikin.

Sai dai akwai abin da takardar ba ta faɗa ba. Mutanen Dakko ba sa kafa dutse a iyaka, domin dutse yana tashi. Albasar kura suke shukawa a jere: dabba ba ta cin ta, wuta ba ta kashe ta, da rani ta ɓuya a ƙasa, da ruwan fari ta fito ta nuna wa kowa inda nasa ya tsaya. Sati biyu kafin cinikin, da hantsi, lokacin da mutane suka tafi kasuwa, Malam Isa ya haƙe jerin albasar da ke tsakaninsa da Turai, ya dasa ta taki bakwai cikin gonarta. Nazir ne ya riƙe kwandon. Shekararsa goma sha tara, takardar samun gurbin karatu tana cikin aljihunsa, kuɗin kuma bai cika ba. Uban bai dube shi ba, shi ma bai yi tambaya ba.

A kotu ya yi aikinsa yadda aka koya masa. Ya yi wa Inna Turai tambayoyi cikin ladabi, kowace tambaya tana rufe mata hanya guda. Tsohuwar ta saurare shi, ta karkato da kanta wajen muryarsa.

“Wanga ba Naziru ba ne na Malam Isa? Kai ɗan nan, ka yi murya irin tashi. Allah shi jiƙan rai.”

Alƙali ya yanke cewa kotu za ta fita ta ga gonar da idonta. Aka sa rana, ta faɗo kwana tara bayan ruwan fari.

Suka isa Dakko rana tana tsaka. Babu iska, babu kukan tsuntsu, ko awakin da ke bakin hanya tsaye suke ba sa kiwo. Nazir ya ji ƙyallen wuyansa yana matse shi, ya sa yatsa ya sassauta, yatsan ya fito da laka.

A kan iyakar da takarda ta ambata babu komai sai ƙasa fayau. Abin da Malam Isa ya dasa bai kama ba. Amma taki bakwai cikin gonar Alhaji, ga albasar kura ta fito kore shar, a jere, miƙe kamar an ja igiya, tun daga bakin rafi har gindin giginya.

“Ranka shi daɗe, ciyawa ce,” in ji Alhaji Tasi'u. “Duk shekara sai na sa an bi ta da garma, duk shekara sai ta dawo. Ciyawa ta san doka ne? Inda ta ga dama nan take fita.”

Alƙali ya ce gaskiya ne, tsiro ba ya rantsuwa. Sai in akwai wanda ya ga an tayar da iyakar. Mutanen gari kowa ya koma kallon ƙafarsa.

Inna Turai, wadda ke tsaye dab da Nazir tana dogara sanda, ta yi magana a hankali, kamar mai ba da labarin farashin gero.

“Ni ba don gonar nik kai ƙara ba, ɗan nan. Taki bakwai mi za shi ƙara mani? Tsohonka nika tausayi. Shekara ukku ke nan, kullum war haka sai ya zo ya tsaya can gindin giginya, wuyanshi a lanƙwashe. Ban ganin kowa, amma shi ina ganinai.”

Nazir bai so ya duba ba, amma ya duba. Zafin rana yana rawa a kan gonar. A ƙarshen jerin albasar akwai wani abu tsaye, mai tsawon mutum, kansa a sunkuye kamar wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ya tuna abin da malamai ke faɗa game da wanda ya ci taki ɗaya na ƙasar wani, da ƙasar da za a rataya masa a wuya ranar lahira. Ya kuma tuna darasin da ya ci da maki mafi yawa: lauya ba ya zama shaida a shari'ar da yake karewa. In ya buɗe baki, ya rasa shari'arsa ta farko, ya rasa duk wani mai gona da zai ƙara amince masa a Mafara, ya kuma kira ubansa da sunan da ba a kiran mamaci da shi a gaban jama'a.

Ya kai hannu bayan wuyansa ya kwance ƙyallen.

“Ya mai shari'a, ina neman izinin janyewa daga wannan shari'a. Bayan haka ina roƙo a rantsar da ni. Ni na riƙe kwandon.”

“Barista!” Alhaji Tasi'u ya daka tsawa. “Da kuɗin wa ka yi karatun?”

“Da taki bakwai na Inna Turai, Alhaji. Abin da ya hau kan mahaifina a cinikinku, ni zan sauke shi.”

Alƙali ya ce magatakarda ya rubuta, za a saurari shaidar a zama na gaba.

Jama'a suka watse suna ƙus-ƙus, babu wanda ya yi masa sallama. Sai tsohuwar ce ta rage, fuskarta tana wajen giginya.

“To, ya ɗaga kai,” ta ce. “Yana dubanka.”

Nazir bai juya ba. Ya tsaya da ƙyallen a hannu, yana jin iska ta fara taɓa masa wuya. Bai san da wane ido ake dubansa ba, bai kuma tambaye ta ba.