Inna Birki da Sabuwar Mota

Jami'ar hulɗa da jama'a ta soka allurar katin a rigar Inna Birki har sai da ta taɓa fata. Ba ta ba da haƙuri ba, don idonta na kan wayarta.

"Mama, ki zauna a kujera ta huɗu. In an kira ki ki miƙe, ki ɗaga hannu, ki yi murmushi. Kar ki yi dogon bayani, lokaci ya ƙure."

Inna Birki ta sunkuya ta duba katin. An rubuta MACE TA FARKO da manyan baƙaƙe. Ta farko a me, ba a faɗa ba. Ta bi jami'ar da kallo, tana ƙwas-ƙwas da dogayen takalma a kan simintin da man inji ya ɓata, ta ce a ranta wannan ko keke aka ba ta sai ta shiga kwata da shi.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana jan bas a kamfanin sufurin nan, kuma kafin ita babu macen da ta taɓa zama a kujerar direba a cikinsa. Sunan Birki ya samo asali ne daga ranar da ta tsayar da mota cike da mutane a gangaren gada, saura taku ɗaya ta afka wa tirelar da ta kife. Yau shekara tara da ta ajiye aiki, babu wanda ya leƙo ya ga ko tana numfashi. Sai makon jiya aka aiko mata da kati mai ruwan gwal, wai kamfani zai karrama matan da suka buɗe hanya.

Da ta ita ce, da katin ya ƙare a hura wuta. Doguwa ce ta sa ta fito. Doguwa na cikin mata uku kacal da ke tuƙi a kamfanin yanzu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Da sassafe ta yi sallama a ƙofar Inna, idanu sun kumbura.

"Inna, sun dakatar da ni. Mota mai lamba goma sha huɗu suka ce in fita da ita, na ce iskar birkinta na zuba, ba zan ɗauki rayukan mutane ba. Suka rubuta wai taurin kai. Ranar Litinin kwamiti zai zauna, kuma kowa ya san kora ce. Ke za ki ga Manaja yau. Don Allah ki sa baki."

"Wane Manaja? Mai Tikiti?"

"Inna, ki rufa min asiri, kar ki kira shi haka a gaban mutane."

Yanzu ga ta a ƙarƙashin rumfa a tsakar farfajiyar kamfani, an jera su huɗu kamar kayan gwanjo. A kujera ta farko akwai wata tsohuwar 'yar tsere da gwiwoyinta suka kumbura, sai da mutum biyu suka taimaka mata ta hau dandamali. Ta biyu mai busa ƙaho ce a ƙungiyar kaɗe-kaɗe, ta rungume jakar ƙahonta tana gyangyaɗi. Ta uku kafinta ce mai aikin katako, gajeruwa mai kaurin hannu, babban yatsanta na hagu ya gutsure. Tun da ta zauna take jijjiga kujerarta.

"Yaya, kin ji wannan?" ta ce wa Inna. "Ƙusa biyu da gam. Wanda ya haɗa ta, in ɗana ne, yau ba zai kwana a gidana ba."

"Ke ma katin gwal aka aiko miki?"

"Har gida. Shekara arba'in ina neman su ba ni gyaran benci ɗaya na tashar nan, suka ce ba aikin mata ba ne. Yau an tuna da ni."

Kafin a fara, Inna ta hango Manaja yana gaisawa da baƙi, ta sauka ta tare shi. Ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku a kan kwalar riga, amma ƙananan idanun nan masu zillo suna nan yadda ta san su.

"Uwarmu! Uwar direbobi!" Ya kama hannunta da hannu biyu, yana duban inda mai hoto yake.

"Maganar Doguwa na zo da ita."

"Haba Mama, yau ranar farin ciki ce. Ki ga sakatariyata, ta ba ki rana." Ya sake ta ya wuce, yana goge tafinsa a gefen wando.

Da ya hau kan lasifika ya yi rabin awa yana zuba. Ya ce kamfanin nan tun fil azal gidan mata ne. Ya ce shi da kansa, yana ƙaramin ma'aikaci, yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsaya tsayin daka a bayan wannan baiwar Allah lokacin da duniya ta yi mata ca. Har muryarsa ta yi rawa. Aka tafa.

Inna ba ta tafa ba. Ta tuna shi sarai, siriri kamar tsinke, a bayan tagar sayar da tikiti. In motarta ce a kan layi sai ya leƙo da kai ya ɗaga murya: "Motar mace ce fa! Wanda bai bar wasiyya ba ya jira ta gaba!" Shi ne ya yi yawo da takarda ofis-ofis yana tara sa hannu a cire ta, wai tana zubar wa kamfani mutunci. Bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. Da rusuna wa manya da kai tsegumi ya hau, mataki-mataki, har ya kai ofishin da ke da na'urar sanyi. Ta dube shi yana share gumi da farin hankici, ta ji ko haushi ba ta iya ji, sai irin abin da mutum ke ji in ya ɗaga tukunya ya tarar da kyankyaso.

Aka kira su ɗaya bayan ɗaya aka miƙa musu allon yabo. Kafinta ta juya nata ta ƙwanƙwasa da yatsa. "Kwali ne aka manna wa leda," ta ce, ba ta ko rage murya ba.

Sannan Manaja ya sanar da babban abin da aka tara mutane dominsa. Kamfani ya sayo sabuwar mota ta mata zalla, gobe za ta fara aiki. Kuma wa ya fi cancanta ya fara jan ta in ba uwar direbobi ba? Za ta fita da ita ta ƙofa, ta gangara zuwa shataletale, ta dawo, tare da manyan baƙi da ɗalibai mata talatin da aka kwaso daga makaranta don su ga abin koyi.

Aka yaye ƙyallen da aka rufe motar da shi. Tana ta ƙyalli da fenti ruwan hoda, an ɗaura mata kintinkiri da balan-balan. Ɗalibai suka yi ihu suka ruga suka cika kujeru.

Inna ta kama ƙarfen ƙofa ta hau. Duk da komai, sai da zuciyarta ta buga da ta ga kujerar. Shekara tara. Ta zauna, ta ji kujerar ta karkata hagu, irin karkatar da sai jikin mutane da yawa ya daɗe yana danne ta. Ta shafa sitiyari, an sa masa sabuwar riga, amma ƙarƙashinta ya sha hannu ya yi santsi. A gefen allon agogo, inda fenti bai kama sosai ba, wani direba ya taɓa zana lamba da ƙusa: 14.

Ta murza makulli. Injin ya yi tari ya tashi. Ta zuba wa agogon iskar birki ido. Allurar ta hau a hankali kamar mai ciwon baya, ta tsaya a rabi. Ta taka birki sau ɗaya, allurar ta faɗo. Ta sake takawa, ta ƙara faɗowa. Daga can ƙarƙashi, wajen tayar baya ta hagu, tana jin iska na tsiyaya, siii, ba ƙaƙƙautawa. Ta leƙa ta taga ta nemi shugaban makanikai. Yana tsaye a bakin gareji, da suka haɗa ido ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ta dubi madubi. Fuskoki talatin, duk haƙora a waje. Ta kashe injin ta zare makullin.

Manaja na tsaye a matakalar ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana ɗaga wa jama'a hannu. Ta lura ba shi da niyyar shiga.

"Mai Tikiti," ta ce a hankali. "Matso."

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Ya hawo ya sunkuyo.

"Mama, lafiya? Kin manta hannu ne? In kawo wani ya ja?"

"Wannan goma sha huɗu ce."

"Sabuwa ce, Mama."

"Ka shafa wa tsohuwa hoda ka ce amarya ce. Shigo ka zauna nan gaba kusa da ni, mu gangara shataletalen tare. Ka bar wasiyya?"

Ya waiga. 'Yan jarida uku sun matso bakin ƙofa, ɗaya ta miƙo abin ɗaukar magana tana jiran kalmar uwar direbobi.

"Me kike so?" ya ce ta tsakanin haƙora.

"Biro gare ka a aljihu. Ga takardar shirin taro, bayanta fari ne. Rubuta an janye dakatarwar Doguwa, babu zaman kwamiti. Rubuta motar nan ba za ta hau titi ba sai an sauya mata bututun iska, kuma Doguwa ce za ta gwada ta. Ka sa hannu, ka sa kwanan wata. Ai ka iya tara sa hannu."

"In na ƙi fa?"

"Sai in kira waccan mai abin maganar, in tayar da inji, in nuna mata allura. Iyayen yaran nan suna kallon labarai."

Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Amma bai kai inda ya kai da wauta ba. Ya zaro biron, ya tsaya.

"Ke ma za ki ba ni nawa. Ki riƙe sitiyari, ki yi dariya, a ɗauke mu tare. Ki faɗa musu abin da na faɗa ɗazu gaskiya ne."

Ta dube shi tun daga gashin da ya rina har zuwa takalmi. Shekara talatin da shida tana riƙe da maganar tagar tikitin nan, kuma yau ga lasifika, ga jama'a, ga shi a tafin hannunta. Irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu. Sai dai gaskiyar ba za ta mayar da Doguwa bakin aiki ba. Za a yi surutu kwana biyu a manta, ranar Litinin kuma kwamiti ya zauna.

"Rubuta," ta ce.

Ya ɗora takardar a kan allon agogo ya rubuta. Ta karanta sau biyu, ta sa shi ya gyara kwanan wata, ta ninke ta soke a cikin riga. Sannan ta ɗora hannu a sitiyari ta buɗe haƙora. Ya dafa kafaɗarta. Fitilun hoto suka yi ta walƙiya.

"Mama, me za ki ce game da Manaja?" in ji 'yar jaridar.

"Tun ranar da na fara aiki," Inna ta ce, "bakinsa bai taɓa sauka daga kaina ba."

Aka tafa sosai. Manaja ya fi kowa tafi. Jami'ar hulɗa da jama'a ta karɓi lasifika ta sanar cewa saboda ƙurewar lokaci an ɗage zagayen, kowa ya matso ga lemo da biskit. Ɗalibai suka sauko suna gunaguni.

Doguwa na bakin ƙofar shiga, inda masu gadi suka tsayar da ita tun safe. Inna ta miƙa mata takardar ta tsakanin ƙarafa. Ta karanta, hawaye suka zubo.

"Inna! Da hannunsa ya rubuta? Ashe mutumin kirki ne, mu ne ba mu fahimce shi ba!"

Kafin Inna ta buɗe baki, Doguwa ta ture mai gadi ta ruga cikin farfajiya. Ta ratsa baƙi ta zube a gaban Manaja tana godiya, tana sa masa albarka. Ya ɗan razana, sannan ya gane abin da ya samu. Ya sunkuya ya ɗago ta da hannu biyu, a hankali, yana juya fuska inda haske ya fi kyau. Masu hoto suka yi kansu.

Kafinta ta iso gefen Inna, da kwalbar lemo a hannu, suka tsaya suna kallo.

"Yaya, wancan hoton ne zai fito a jarida gobe, ba naki ba."

"Na sani," Inna ta ce. "Ta wace hanya kika nufa? Zo mu tare mota, kafin rana ta yi zafi."