Kwabon da Ke Kan Rufin Yaya

Duk wanda ya san Auta ya san akwatinsa. Mutum ya yi furfura, ya ajiye aiki, jikoki na hawa bayansa, amma ba shi da zance sai na tsofaffin kwabbai. Ba ma na gwamnati ba, a'a, irin waɗanda kamfanonin Turawan mulkin mallaka ke bugawa su biya leburori, waɗanda ba sa kashuwa ko'ina sai a kantin kamfanin. Kowanne da gurbinsa a akwatin, an shimfiɗa masa ƙyalle kamar jariri. Gurbi ɗaya ne ya rage wayam, na wani kamfanin haƙar ma'adinai, kwabon tagulla mai hoton diga da shebur. Ya bi kasuwanni, ya bi 'yan gwangwan, an sha sayar masa da jabu. Abin na ci masa rai ba kaɗan ba.

Ran nan ya je gaida yayarsa a tsohon gidansu, ya tarar ta jera robobi a tsakar ɗaki.

"Yawwa, Allah ya kawo ka," in ji ta. "Kafinta sai gobe-gobe yake yi mini. Ɗauki tsani ka duba inda kwanon nan ke yoyo."

"Haba Yaya, da wannan gwiwar?"

"Gwiwar da ke kai ka bola tonon ƙarfe? Hau, malam."

Ya hau yana ƙunƙuni. Yana rarrafe a kan kwanon sai ya lura kowace ƙusa an yi mata matashi da wani ɗan ƙarfe kewayayye, ya yi baƙi ƙirin. Ya hure ƙurar ɗaya, ya goge da bakin riga, ya zaro gilashin dubawa da ba ya rabuwa da aljihunsa. Sai ga diga, ga shebur! Ya shafa gefen da farce, ya ji 'yan tsage-tsagen nan da masu jabu ba su taɓa iyawa ba. Ya ɗaga kai, ya ga haka suke a jere har ƙarshen rufin.

"Yaya! Yaya!"

"Ka faɗo ne?"

"Wa ya buga rufin nan?"

"Baba mana, kana goye lokacin." Ta kare ido da hannu tana hangensa. "Da kwabban da ka gani a nan ake biyansa a ramin haƙa. Rana tsaka kamfanin ya kwashe nasa ya nasa, aka rufe kantin, aka bar shi da gwangwani cike. Ya zauna ya huda su ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda sun ƙi ciyar da 'ya'yansa, dole su tare musu ruwa."

Auta ya sake duban ƙusoshin. Nan kusa da hannunsa wata ƙusa ta yi lako-lako, ashe ma ta nan ruwan ke shiga. Ya zare ta a hankali, ya sauko da kwabon a tafinsa.

"To masani, nawa zai yi?" in ji Yaya. "In da maiƙo, a kwance rufin duka, in sa sabo."

Ya juya shi gaba da baya. A kan kwabo dai Auta ba ya ƙarya.

"Da lafiyayye ne, shi kaɗai ya ishe ki sabon kwano. Amma Baba ya huda shi, hudar ma a karkace. Masu saye ko kallo bai ishe su ba."

"Ashe tarkace ne. To hawayen na mene ne?"

"Tsatsa ce ta faɗa mini a ido."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta sake kora shi sama, don kuwa ya sauko bai toshe komai ba.

Gurbin akwatin ya cika. Yanzu in abokan harkarsa suka zo, shi yake fara nuna musu. Su duba, su girgiza kai, su ce kash, ba don hudar nan ba.

"Ku bar ta," in ji Auta. "Kwabon na kamfani ne, hudar ta Babana ce."